Kujerar da take da fili

Mu da muka yi karatun zaure a zangunan Kumasi mun san balaga kafin mu san Turanci. Malamanmu sun karantar da mu tashbihi da isti'ara da kinaya, amma a Larabce. Da aikin karanta wa maigida takardu ya hau kanmu, sai muka tarar Turancin Gana ma yana da nasa lulluɓin.

A takardar fili za ku ga "stool land". Kujera ce a lafazi, sarauta ce a ma'ana, ita da jama'ar da ke bayanta. A arewa kuwa "skin" ake cewa, wato buzun da sarki ke zama a kai. Tsarin mulkin 1992 ma da waɗannan sunaye ya kira su. Majazi ke nan tsantsa, inji masu balaga.

Wanda ya fi tayar wa dattawanmu hankali shi ne "drink money". Sukan ce, mu Musulmi, da kuɗin giya? A da, kwalba ce ake kai wa sarki ta gaisuwa. Yau kusan farashin filin ne sukutum, sanye da tsohuwar riga. Dattijon da ya ƙi biya saboda lafazin, yana ji yana gani wani zai kafa tubali a wurin.