Wai mu koyi amana wurin samurai

Da safen nan wani ɗan'uwa ya turo mini hoton samurai riƙe da takobi, an rubuta a ƙasa wai 'yan ubanci ne ya hana Bahaushe ci gaba, mu je mu koyi amana da biyayya wurin Japanawa. Tun safe nake danne zuciyata, abin ya ƙi sakina. Masu bibiyata sun san tun bara da na kwanta jinyar ƙafa na duƙufa karatun tarihin Japan, har wasunku suka laƙaba mini Malam Shogun. To yau Malam Shogun zai yi magana.

Wanda ya kafa mulkin samurai na farko a Kamakura, ya zama shogun, wato shugaban mulkin, shi ne Minamoto no Yoritomo. An kashe ubansa a 1160 yana yaro, aka kore shi zuwa Izu, can ya auri Masako, 'yar Hojo Tokimasa, mutumin da aka sa ya riƙa gadinsa. Ku riƙe sunan surukan nan. Daga 1180 zuwa 1185 ya gwabza da gidan Taira, amma wanda ya ci masa yaƙin a fagen daga ƙaninsa ne Yoshitsune. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Kun ji 'yan uba ke nan. Yoshitsune ya fatattaki Taira a Ichi-no-Tani, ya bi su Yashima, ya ƙarasa su a kan teku a Dan-no-ura, inda kakar ƙaramin sarki Antoku ta rungume shi suka faɗa ruwa.

Me aka saka masa da shi? Laifinsa dai ya karɓi muƙami daga hannun tsohon sarki Go-Shirakawa ba da izinin yayansa ba. Da ya dawo da fursunonin yaƙi, aka tsayar da shi a Koshigoe, bakin gari, aka ce ba zai shiga Kamakura ba. Ya zauna a nan ya rubuta wasiƙa yana rantsuwa bai da mugun nufi. Wallahi duk lokacin da na tuna wurin nan sai jikina ya yi sanyi: mutum ya ci wa gidansu yaƙi, ga ƙofar yayansa yana hange, sai da takarda zai yi magana. Ba a buɗe masa ƙofar ba. Ya gudu arewa, Hiraizumi, inda Fujiwara no Hidehira ya ba shi mafaka. Hidehira na rasuwa, ɗansa Yasuhira ya kasa jure matsin Kamakura, ya far masa a 1189, Yoshitsune ya kashe kansa. Aka yanke kansa aka tsoma cikin giya don kada ya ruɓe, aka kai wa yayansa. Shi ma Yasuhira bai ga ƙarshen shekarar ba.

Akwai wani ƙanin, Noriyori, shi ma ya yi wa Yoritomo yaƙi, shi ma aka kore shi a 1193, daga nan labarinsa ya ƙare.

Na san abin da za ku ce. Wai na shiga tarihin mutane ina tono, ko kuwa maganar rabon gadon gidanmu nake yi a fakaice. Eh, abin da ya faru a gidanmu kun karanta shi a nan, ban ɓoye ba, kuma ba zan sake tayar da shi ba. Ban kuma ce 'yan ubanci abin kirki ne ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗauki ciwon da ke jikin ɗan Adam tun zamanin Habila da Ƙabila, ciwon da ya sa aka jefa Annabi Yusuf a rijiya, a ce na Bahaushe ne shi kaɗai, sannan a kawo mana hoton fim a matsayin magani. Ku ji tsoron Allah da abin da kuke turawa.

Yoritomo ya rasu a 1199, ya bar 'ya'ya, baffanninsu biyu da suka yi masa yaƙi kuwa shi ya share su da hannunsa. Sai surukai suka matso. Babban ɗansa Yoriie, dangin uwarsa suka tsige shi a 1203, aka kashe shi a Shuzenji a 1204. Tokimasa kansa 'ya'yansa Masako da Yoshitoki suka sauke shi a 1205, bayan an zarge shi da ƙulla makirci tare da amaryarsa. Ƙaramin ɗan, Sanetomo, yana saukowa daga matakalar wurin bautar Tsurugaoka a 1219 ɗan yayansa Kugyo ya sare shi, shi ma Kugyo aka kashe shi a ranar. Shogun uku kacal, Yoritomo da 'ya'yansa biyu, zuri'ar ta yanke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: gidan Hojo suka ci gaba da juya mulkin har 1333.

Kai da ka turo hoton, ba zan kama suna ba. Ka nemi labarin Yoshitsune ka karanta, sannan ka same ni gida bayan la'asar mu yi magana.