Wasan Gida A Gidan Wani

Malanville na bakin kogin Kwara, tana kallon Gaya ta Nijar. Na sauka can ran 10 ga Yuni, 2024, na tarar da gada a rufe tun juyin mulkin Nijar na 2023, babbar kasuwar albasa ta yi sanyi. A yammacin nan Benin ta ci Nijeriya 2 da 1, wai wasan gida, amma a Abidjan.

Teburin mai shayi ya zama kotu. Dossou da ya rama ci ya sha yabo, Mounié kuwa har sarauta aka ba shi. 'Yan baya suka sha faɗa saboda ƙwallon Onyedika. Wani ɗan Gaya da rufe iyaka ya rutsa da shi ya ce ai koci Rohr nasu ne tun 2012. Ni Bakano na biya kuɗin shayina, ban ce uffan ba.