Kafin ku kai agogon Baba wajen 'yan gwal

Jama'a, tunda gwal ya yi tashin gwauron zabi akwai abin da ke faruwa a gidajenmu da ya kamata mu tattauna. A watan Maris na 2025 oza ɗaya ta zinare, wato giram 31.1, ta haura dala 3,000, a watan Oktoba kuma ta wuce 4,000. Shi ke nan aka shiga zazzage akwatuna. Bayan sarƙa da 'yan kunne, yanzu an dawo kan tsofaffin agogunan da iyayenmu suka riƙa sayowa a Makka da Jidda a shekarun 1970 da 1980, su Rado, Seiko 5, Citizen, Orient, jefi-jefi Omega ko Rolex.

Ni ba dillalin agogo ba ne, sha'awa ce ta sa na daɗe ina zama wajen masu gyara ina tambaya. Abin da na koya shi ne, tsohon agogo kuɗi biyu gare shi. Akwai kuɗin ƙarfen da aka ƙera shi da shi, akwai kuma kuɗinsa a matsayin agogo. Ɗan gwal na farkon kawai yake saye, don shi narkarwa zai yi.

Mu fara da ƙarfen. Yawancin agogunan da muke ce wa na gwal, ruwan gwal ne aka yi musu. A sa mai gyara ya buɗe marfin baya a duba hatimi da gilashin ƙara girma. In an ga 750, karat 18 ke nan, kashi 75 cikin ɗari zinare ne. 585 karat 14 ne, 375 kuma karat 9. In aka ga GP, ko aka rubuta 10 ko 20 micron, shafe ne kawai. Haka in gaban rawaya ne bayan kuma farin ƙarfe, da wuya ka samu gwal a ciki. Kar a dogara da mayen ƙarfe, domin tagulla ma ba ta kama shi, ga shi yana rikita injin agogo. Hatimin ma ana yin na jabu, sai an haɗa da gwaji. Kuma ko gwal ɗin gaske ne, ba a auna shi da inji da gilashi. Gidan agogo mai giram 20 a karat 18, giram 15 ne tsantsar zinarensa.

Na taɓa halartar wani rabon gado inda ƙanne suka yi ca a kan babban wansu, wai ya ɓoye kuɗin Radon mahaifinsu na gwal. DiaStar ce, irin wadda kamfanin ya fara fitarwa a 1962, gidanta na wani ƙarfe ne mai taurin gaske da ba ya karcewa, launin ne kawai na gwal. Wallahi sai da aka kira mai gyara ya buɗe a gaban kowa kafin zukata suka kwanta. Saura ƙiris zumunci ya tsinke a kan zinaren da babu shi.

Ɗaya gefen ya fi ciwo. Agogon farin ƙarfe yana iya ninka na gwal a daraja. Rolex Daytona ta ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman, da aka yi gwanjonta a 2017 kan dala miliyan 17.8, ta farin ƙarfe ce. Ban ce na Baba zai kai can ba, amma Omega ko Rolex ta asali in aka sayar da ita a kan sikeli, kaza ta kwana kan dami ke nan.

Ta yaya ake gane na asali? A ciki ake ganewa, don fuska kowa na iya kwaikwayonta. Injin ya zama na kamfanin, da sunansa da lambarsa. A tsohuwar Rolex, in aka cire igiyar, lambar samfuri tana gefen ƙarfe 12, lambar agogon tana gefen ƙarfe 6. A Seiko, lambar farko a marfin baya ƙarshen shekarar ƙira ce, ta biyu kuma wata. Kwali da rasit in suna nan, a adana su.

Don Allah kar a kai shi a goge ya yi ƙyalli, kar a sake wa fuskar fenti. Masu tara tsofaffin agoguna wannan tsufan suke biya, gyaran kwalliya rage masa kuɗi yake yi.

Shawarata ga magada: a ɗauki hoton gaba da baya da ciki, a nuna wa mai gyara wanda ba shi zai saya ba, a ji farashi aƙalla wuri uku, kuma a yi komai a gaban shaidu. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, haƙƙinsu ne ake sayarwa, gaggawa ba ta da amfani.

Wanda yake da irin wannan agogo a gida, ya gaya mana abin da aka rubuta a bayansa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani.