Fuskar Maganaɗisun da Ba Mu Juya Ba

Mu huɗu ne a rukunin, kwana uku kuma ya rage mu miƙa aikin: fitilar LED da za ta kama idan an kusanto da maganaɗisu, ta mutu idan an janye shi. Daga kuɗin abincinmu muka yi karo-karo muka sayo batir mai bolt 9, jar LED, resisto mai ohm 470, da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar wake ba, an rubuta A3144 a jikinsa. Shi ne mai jin maganaɗisun.

A takarda mun san komai. Mun haddace cewa Edwin Hall ya gano a 1879, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, cewa idan lantarki na ratsa siririn ƙarfe aka kawo maganaɗisu, cajin yakan karkata gefe guda, sai ɗan bambancin bolt ya bayyana tsakanin gefunan biyu. Wannan bambancin ne A3144 ke karantawa, ya buɗe wa fitila hanya.

Muka haɗa wayoyi, muka ɓaro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, muka kara. Shiru. Muka sauya batir, shiru. Kafin isha'i mun yanke hukunci: mai shago ya sayar mana da jabu. Abokinmu da ya je kasuwar ya sha magana, har ɗayanmu ya tambaye shi ina canjin ya shiga. Bai tanka ba, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Washegari maganaɗisun ya suɓuce daga hannu, ya faɗi a kife kusa da na'urar. Fitila ta kama, ja zir.

Ashe A3144 fuska ɗaya yake amsawa: sai ɓangaren kudu na maganaɗisu ya fuskanci gefen da ke da rubutu. Mu kuwa arewa muka yini muna nuna masa. Bayanin yana cikin takardar kamfanin, wadda muka sauke a waya tun ranar farko, ba wanda ya buɗe.

Mun kuma lura fitilar ba ta mutuwa a daidai inda ta kama, sai an ƙara ja da baya kaɗan. Da gangan aka yi shi haka, don kada ta riƙa ƙyaftawa idan hannu ya yi rawa. A kan wannan malaminmu ya fi yi mana tambaya, kuma wanda muka zarga ne ya amsa. Mun ba shi haƙuri a bakin ɗakin gwaji. Ya ce ya wuce, amma har yau idan za a sayo kaya sai ya ce wani ya je.