Tanki a Cike, Mota na Kukan Ƙishirwa

Na sauka daga shirin safe ke nan Kawu ya kira ni. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Ɗana, zo ka karanta mini abin da motar nan take faɗa, ta koma yi mini Nasaranci."

Na same shi a wani garaji da ke bakin babban titi a Agoè-Zongo, unguwar da aka kwaso iyayenmu aka kawo a 1977 bayan an tashi tsohon Zongo na tsakiyar Lome. Duk wanda ya tashi a nan ya san rabin arzikinmu a kan tayar mota yake. Kaya su sauka a tashar jirgin ruwa, manyan motoci su ɗauka su bi titin arewa sama da kilomita 600 zuwa Sinkase, daga nan Burkina, wasu har Yamai. Kawu ya sayar da fili ya haɗa da bashi ya sayi kan tirela tsohuwar Turai, kuma ga lodi an ba shi, ayari zai tashi bayan kwana 2. In ya rasa wannan tafiya, mai bashi ba zai ji uzuri ba.

Abin da allon motar yake faɗa shi ne ruwan AdBlue ya ƙare. Kawu ya buɗe murfin mai launin shuɗi ya nuna mini: tanki a cike har wuya.

Ga wanda bai san shi ba, wannan ruwa ba mai ba ne. Sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin bututun hayaƙi, zafi ya mai da shi amoniya, ita kuma ta rikiɗa gubar hayaƙin gazuwal ta koma iskar naitirojin da tururi. Dokar Turai ta tilasta wa masu ƙera motoci su sa motar ta hukunta direban da ya ƙi zuba shi. A ƙa'idar Euro 6 ta manyan motoci, da farko gargaɗi ne, sai a rage ƙarfin inji da kashi 25, daga ƙarshe motar ba za ta wuce gudun kilomita 20 a sa'a ba. Mai karatu, ka ƙiyasta tirela da lodi tana hawan tsaunin Aledjo da wannan rarrafe.

Shawara biyu aka riga aka ba Kawu. Wani ya ce ma'aunin da ke cikin tanki ya mutu, a sayo sabo, kuma sai an yi odarsa daga waje. Wani ya ce a shiga kwamfutar motar a kashe tsarin gaba ɗaya kowa ya huta. Kawu ya fi karkata ga ta biyun, don ita ce mai sauri.

Sai ga wani dattijo mai gyaran wayarin mota, ya zo da 'yar jakarsa. Ya jona na'ura, ta fito da lamba P203D, ni kuma na fassara bayanin Faransancin: ƙarfin lantarki a layin ma'aunin ya yi sama fiye da kima. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, motar ba ta ce ma'auni ya mutu ba. Cewa ta yi ba ta jin muryarsa. Ko shi ne ya yi shiru, ko hanya ce ta yanke."

Ya cire fulogin da ke saman tanki, ya kunna makulli, ya sa mita a ɓangaren da ya taho daga kwamfuta. Wajen bolt 5, kamar yadda ya kamata. Ya zaro ma'aunin, sanda ce mai wani abu da ke iyo a jikinta. Ya sa yaronsa yana ɗaga abin yana saukewa, lambobin mita suna canzawa daki-daki ba tsalle. Ya ce, "Wannan lafiyarsa lau." Saura wayar da ke mayar da wuta, wadda makanikan nan ke kira mas. Da ya auna ta, sai mita ta riƙa kawowa tana ɗaukewa duk lokacin da ya girgiza fulogin. Ya ɓare shi, sai ga farin gari kamar gishiri ya daskare a ciki, ƙarfen haɗin ya yi kore ya kusa rabewa biyu. Ruwan da ake malalarwa wajen zubawa ne ya riƙa tsiyaya ciki, kuma yuriya ba ta ga maciji da jan ƙarfe. Ya wanke, ya busar, ya canza bakin wayar, ya goge lambar. Allura ta tashi ta nuna cike.

Ina tsaye a wurin kunya ta kama ni, don na tuna abin da na yi a wata shekara. Muna da wakili a arewa da yake aiko mana rahoto ta tarho. Sau uku ina kiran sunansa kai tsaye a iska, shiru. Na fita na kai ƙararsa wurin shugaba, na ce ya raina aiki. Aka yi masa faɗa mai zafi. Daga baya injiniyanmu ya gano igiyar da ke haɗa tarho da teburin sauti ce ta tsinke daga ciki. Bawan Allah yana can yana ta magana, mu ne ba mu ji. A makarantar koyon aikin jarida an koya mini in tantance majiya, amma babu wanda ya ce in duba hanyar da labari ya biyo kafin in yanke wa mai kawo shi hukunci.

Da an bi shawarar farko, da an jefar da ma'auni mai gaskiya, a ɗaura sabo a kan ruɓaɓɓen fulogi, a rasa kuɗi a rasa ayari. Da an bi ta biyu, da motar ta tafi, amma hayaƙinta mu za mu shaƙa, mu da gidajenmu ke bakin titi, da yaranmu masu tallar ruwa a tsakanin tireloli.

Kawu ya bi ayarinsa. Da zai tafi dattijon ya ce masa, "Alhaji, in za a zuba a sa mazurari, abin da ya malala a wanke da ruwa." Ni kuwa a daren na nemo lambar tsohon wakilinmu na kira shi. Ya yi dariya ya ce ya manta, amma daga muryarsa na san bai manta ba. Na roƙe shi gafara duk da haka. Allah Ya sa ya yafe har zuci.