Yaron da aka ba ni da yaron da na ɗauka

Shekara goma sha ɗaya na yi ina harkar albasa a Malanville ni kaɗai, daga ni sai ƴan dako da nake biya a kan buhu. Tunanin ɗaukar yaro bai zo mini ba sai a ranin 2021, ranar da direba ya kira ni daga Kwatano ya ce kaya sun isa kasuwar Dantokpa amma dillalin da zai karɓa ya yi tafiyar rasuwa. Ni kuma a lokacin ina tsaye a wata gona a Toumboutou ana cire albasar da na riga na biya kuɗinta. Toumboutou tamu ta nan Benin nake nufi, wadda ke ƙarƙashin Malanville, ba Tumbutun Mali ba. Tsakanina da kayana akwai fiye da kilomita 700, albasa kuwa ba masara ba ce da za ta jira ka. Kwana uku ta yi a cikin zafi da laimar bakin teku. Kafin in isa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ta ruɓe.

A hanyar dawowa, tsakanin Paraku da Kandi, na zauna na yi lissafi, na ga asarar wannan mota ɗaya ta isa ta biya yaro shekara guda. Abin da ya sa na nemi mutum ke nan: ina bukatar wanda zai tsaya a gona idan ina kudu, ko ya tsaya a mangaza idan ina gona.

Kuskurena shi ne na faɗi maganar a waya da mutanen gida. Ba a yi sati biyu ba yayana ya kira daga Dogon Dutsi.

"Na ji kana neman yaro. Ga ɗanka nan zaune ba ya komai, za ka je ka ɗauko bare?"

Na ce, "Yaya, aikin yana son mai jin Dendi, kuma mai iya rubutu."

Ya ce, "Kai da ka je can Dendi ka iya?"

Ban da amsa, don gaskiya ne. Ran Juma'a yaron ya haye gadar Gaya da jakarsa.

Zan faɗi gaskiya a kansa, don na san ƴan'uwa na karanta wannan mujalla: ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Yaro ne mai kunya da ladabi. Amma harkarmu a Toumboutou rabinta bashi ne. Tun kafin shuka muke ba manomi kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, shi kuma ya biya da albasa idan ya cire. Wanda zai raba wannan kuɗi dole ya san gonar wa ke kan tudu, gonar wa ruwan kogin Kwara ke cinyewa, wa ya riga ya karɓi kuɗin wani ɗan kasuwa a kan gona ɗaya. Wannan labari kuwa ba a ba da shi da Hausa. Manoman suna jin Hausar ciniki, amma idan suka juya suna magana a junansu da Dendi, a nan ainihin zancen yake. Ɗana yana tsaye a tsakiyarsu yana murmushi.

A shekarar farko ya raba wajen jika ɗari shida ga mutum huɗu da ba su kawo ko buhu ɗaya ba. Biyu ruwa ya ci gonarsu, biyu kuma wani Alhaji daga Paraku ya riga mu. Da na tambaye shi me ya sa bai kira ni ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ji nauyin in yi ta damunka."

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai, kuma laifina ne. Ban taɓa gaya masa matsayinsa ba. A tsarin iyayenmu, yaron maigida ba shi da albashi: ci da sha da sutura na kan maigida, idan ya isa a yi masa aure, bayan wasu shekaru a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Tsari ne mai kyau, da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwar da muke gani da shi suka tashi. Amma yana tafiya ne idan kowa ya san shekara nawa, kuma me ke jira a ƙarshe. Ni ban yanka masa albashi ba, ban kuma yi masa alkawarin sallama ba. Idan ya bukaci takalmi ko kuɗin waya sai ya ɗauka a cikin ciniki, don a ganinsa kuɗin gida ne. Ni kuma in ga littafi bai daidaita ba in kwana da haushi, in kasa magana, don duk kalmar da na faɗa a Malanville kafin magariba ta isa Dogon Dutsi.

Maiɗakina ce ta fasa ƙwan. Wata rana da dare ta ce, "Alhaji, kai ma'aikaci ka nema, aka kawo maka ɗa. Riƙe ɗanka, amma ka je ka nemo ma'aikacin."

A wannan karon ban gaya wa kowa a gida ba. Na je wurin wani dattijon manomi a Toumboutou da na daɗe ina saye a hannunsa, na faɗa masa aikin dalla-dalla: mai jin Dendi da Hausa, mai iya rubuta rasit da Faransanci, wanda zai iya kwana a gona lokacin cira. Ya kawo mini samari uku. Na zube musu buhu na ce kowa ya ware wadda za ta kai Kwatano da wadda ba za ta wuce sati ba. Dukansu sun iya, ƴaƴan manoma ne. Sai na kira su ɗaya bayan ɗaya na karanto sunayen manoma goma, na ce wa zan ba kuɗi, wa zan hana. Biyu suka yabi kowa. Na ukun da muka zo kan wani suna ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wannan kawuna ne. Mutumin kirki ne, amma gonarsa tana cikin kwari, shekara biyu a jere ruwa na shiga. Idan za ka ba shi, ba shi rabi."

Shi na ɗauka. Muka zauna gaban dattijon da limamin unguwarsu, mahaifinsa ya tsaya masa, aka rubuta takarda: gwajin wata uku, albashi jika arba'in a wata, abinci a kaina idan yana mangaza, da ɗan kamasho a kan kowane buhu da ya isa kudu lafiya. Aka rubuta har da abin da zai sa mu rabu. Wasu abokaina sun yi mini dariya, wai na mayar da shago ofishin gwamnati. Su yi ta yi. A watan Janairun 2023 yaron ya zo da kansa ya ce gwamnatin Benin ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jika 40 zuwa jika 52. Ban ji daɗi ba a ranar, amma na ƙara, don a shekarar da ya yi duk kuɗin da ya raba sun dawo, in ban da na mutum ɗaya da ya rasu.

Sai ga 26 ga Yulin 2023. Aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka, aka tare gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya ba gaba ba baya. Ni rabin cinikina garin rogo ne da masara da nake turawa Gaya da Dosso, wannan ɓangaren ya tsaya cak. Ko da ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Abin da ya rage mini albasar Toumboutou ce zuwa kudu, ita kuma ba ta iya ɗaukar mu mu uku.

Na yi wata biyu ina juya maganar. Idan na sallami ɗan mutane, na karya takardar da aka rubuta gaban liman, kuma na cire hannun da ke riƙe da abin da ya rage. Idan na sallami ɗan yayana, na san abin da za a ce.

Na kira shi mangaza bayan la'asar na ce masa abin da ya kamata in faɗa tun ranar da ya zo. Na lissafa shekara biyu da watannin da ya yi, na sayar da babur ɗina na haɗa da abin da ke hannuna, na ba shi jika ɗari bakwai a matsayin sallama. Ya yi kuka, ni ma idona ya kawo ruwa. Ya shiga kwale-kwale ya haye Gaya, inda yake da abokai kuma kowa ke jin harshensa. Yanzu yana da teburin kayan masarufi kusa da tasha, kuma abin mamaki, a can ya iya bin bashi fiye da ni.

Yayana dai bai huce ba. Da na je suna a gida bara ya karɓi gaisuwata a tsaye, ya ce wa mutane na zaɓi Badende na bar jinina. Satin da ya wuce kuma sai ga saƙon murya daga wurinsa, wai ƙaramin ɗansa ya gama makaranta. Na mayar masa da cewa akwai gurbi ɗaya lokacin cira, na mai raka mota zuwa Kwatano, wata huɗu, jika 52 a wata, kuma za a rubuta takarda. Waya ta nuna ya saurara tun ran Talata, har yanzu bai ce komai ba.