Hunturu Biyu a St. Louis

Kakar wasan besbol a Amurka takan fara a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ta kammala a Oktoba da gasar ƙarshe wadda suke kira World Series. Daga nan sai a rufe filaye, sanyi ya sauko, harka ta koma ofisoshi. A wannan tsakani ne ƙungiyoyi ke gyara jerin 'yan wasansu: a sallami wannan, a yi musayar wancan, a shiga zawarcin wanda kwantiraginsa ya ƙare. Amurkawa suna jingina wannan lokaci da murhu mai zafi, domin a da magoya baya kan kewaye murhun ɗumama ɗaki suna gardama a kan wa zai zo, wa zai tafi. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan suna ba, shi da ya san hirar gindin murhu.

A birnin St. Louis na jihar Misuri akwai wani mutum da hunturu biyu suka tsaya masa a rai. Na farko ya same shi yana ɗan shekara 12, na biyu kuwa yana da 54. Duka biyun a kan ƙungiyar garinsu ne, watau Cardinals, kuma a kowanne ɗan wasan da ya fi so ne ya rasa. Ya daɗe kafin ya lura cewa fushin da ya yi a karo na biyu bai jitu da kukan da ya yi a karo na farko ba.

Gwaninsa na ƙuruciya shi ne Curt Flood, baƙar fata ɗan birnin Oakland, mai tsaron tsakiyar bayan fili. Aikin mai wannan gurbi shi ne ya bi ƙwallon da aka doka sama ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, kuma Flood ya ƙware a kai har aka ba shi kyautar safar hannu ta zinariya sau bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969. Kaka goma sha biyu ya yi a Cardinals. Da shi aka ci World Series a 1964 da 1967. Yaron yakan saurari wasanninsa a rediyo tare da mahaifinsa, wanda leburan tashar jirgin ƙasa ne, kuma a zatonsa Flood na garin ne kamar yadda kogin Misisifi yake na garin.

A ranar 7 ga Oktoba 1969 Cardinals ta yi musaya da ƙungiyar Phillies ta Filadelfiya. Ta ba da Flood da Tim McCarver da Joe Hoerner da Byron Browne, ta karɓi Dick Allen da Cookie Rojas da Jerry Johnson. A idon masu ofis wannan gyaran jeri ne irin na kowace shekara: ƙungiya na bukatar mai ƙarfin duka, ta samo Allen, ta biya da abin da take da shi. Ba wanda ya nemi jin ra'ayin Flood, domin ba al'ada ba ce a nema. Yaron ya yi kuka, ya ɗora laifin a kan masu ƙungiya, ya ce ba su da amana.

Abin da bai sani ba a lokacin shi ne cewa dokar wasan ce ta ba su wannan iko. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka fara ƙulla abin da za a iya kira sharaɗin riƙo. A takardar kwantiragi, sharaɗin ya ba ƙungiya damar sabunta yarjejeniyar ɗan wasa na shekara ɗaya idan ba su daidaita ba. Masu ƙungiyoyi kuwa sun fassara shi da cewa duk sabuntawa tana ɗauke da wata damar sabuntawar a cikinta, har abada. Saboda haka ɗan wasa ba shi da wani mai neman sa sai wanda ya riƙe shi. Ko dai ya yi wasa a inda aka ajiye shi bisa albashin da aka yanka masa, ko ya bar sana'ar baki ɗaya.

Flood ya ƙi tafiya. A ranar 24 ga Disamba 1969 ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, wasiƙa cewa bayan shekara goma sha biyu ba ya ganin kansa a matsayin dukiyar da za a saya a sayar ba tare da la'akari da abin da yake so ba. Kuhn ya ƙi amincewa da bukatarsa. A Janairun 1970 Flood ya shigar da ƙara, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a ƙarƙashin Marvin Miller ta ɗauki nauyin shari'ar, Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya tsaya masa lauya. A wata hira ta talabijin an tuna masa cewa albashinsa dala 90,000 ne a shekara, sai ya amsa da cewa bawan da ake biya da kyau ma bawa ne. Wannan kalma ta fusata mutane da yawa, har cikin talakawan da ba sa samun irin wannan kuɗi a shekara goma.

Yaron ma ya rikice. Ya tambayi mahaifinsa yadda mai irin wannan albashi zai kira kansa bawa. Dattijon bai cika dogon bayani ba. Ya ce masa: "Ɗana, abin da ake biyan ka daban, wanda ke da iko da kai daban." Wata rana kuma da suka shiga gari ya nuna masa tsohon ginin kotu da ke kusa da filin wasan, inda Dred Scott ya fara neman 'yancinsa daga bauta a 1846, shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a kansa a 1857. Bai ƙara masa komai a kan haka ba.

Flood ma bai yi nasara ba. Jackie Robinson da Hank Greenberg, waɗanda suka riga suka yi ritaya, sun ba da shaida a madadinsa, amma ba ɗan wasa ko ɗaya daga cikin masu ci a lokacin da ya tsaya gaban kotu ya mara masa baya. Ranar 19 ga Yuni 1972 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan uku, ta bar wa besbol keɓewar da aka yi mata tun 1922 daga dokokin hana babakere a kasuwa. Kafin nan Flood ya rasa kakar 1970 gaba ɗaya, ya buga wasa 13 kacal a ƙungiyar Senators ta Washinton a 1971, sannan ya bar ƙasar ya tare a tsibirin Majorka na Sifaniya. Sana'arsa ta ƙare yana da shekara 33.

Sai dai ƙofar da ya buga ta riga ta girgiza. A 1973 aka yarda cewa ɗan wasan da ya shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, yana iya ƙin musaya. A Disamban 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke, a ƙarar Andy Messersmith da Dave McNally, cewa shekara ɗaya da aka rubuta a sharaɗin riƙo shekara ɗaya ce tak. A 1976 aka daidaita cewa duk wanda ya cika shekara shida yana iya cin gashin kansa idan kwantiraginsa ya ƙare, ya saurari tayin kowace ƙungiya. Albashi ya yi tashin gwauron zabi. Flood bai ci ko kwabo daga ciki ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya rasu a Janairun 1997, fiye da shekara guda kafin a sa hannu a kan wata dokar tarayya mai ɗauke da sunansa.

Hunturu na biyu ya zo ne a kan ganiyar murna. Ranar 28 ga Oktoba 2011 Cardinals ta doke Rangers ta Texas a wasa na bakwai, ta ɗauki World Series. Jigon ƙungiyar shi ne Albert Pujols, haifaffen Jamhuriyar Dominika, wanda a kaka goma sha ɗaya ya doka ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 445, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasa sau uku. Mutumin, wanda yanzu ya yi furfura, yana cikin masu cewa Pujols ne magajin Stan Musial, wanda ya yi kaka 22 bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba, kuma mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar fili. Amma kwantiragin Pujols ya ƙare. Kwana uku bayan nasarar mai horarwa Tony La Russa ya yi ritaya, sannan a ranar 8 ga Disamba labari ya fito cewa Pujols ya amince da tayin ƙungiyar Angels ta Kalifoniya: shekara goma, dala miliyan 240. Tayin Cardinals bai kai haka ba.

Mutumin ya fusata fiye da yadda ya dace da shekarunsa. Ya kira Pujols butulu, ya ninke rigarsa mai lamba 5 ya cusa a ƙasan akwati. A wannan karon masu ofis ne ya tausaya wa. Su kuwa ba su tsaya makoki ba. Babban manaja John Mozeliak ya riga ya ɗora Mike Matheny a kan kujerar horarwa. Ya ɗauko Carlos Beltrán, shi ma mai cin gashin kansa, a kan dala miliyan 26 na shekara biyu. Ya riƙe Rafael Furcal. Sannan a Maris 2012 ya tsawaita kwantiragin Yadier Molina da shekara biyar a kan dala miliyan 75. Gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa da aka ba Cardinals diyyar rasa Pujols shi ne ta ɗauki Michael Wacha da shi, matashin majefi wanda ya taimaka ta koma World Series a 2013. Angels kuwa sau ɗaya ta kai zagayen fitar da gwani a duk zaman Pujols da ita, a 2014. Ta fuskar lissafi, Cardinals ta yi dabara da ta ƙi ƙure kanta wajen biyan mai shekara 31 har ya kai 41.

Lissafin bai kwantar masa da hankali ba, hasali ma shi ne ya tona masa abin da yake gudu. Ya yi maraba da Beltrán ba tare da ya tambayi wa ya bari a baya ba. Damar da ta kawo Beltrán ita ce ta tafi da Pujols, kuma ita ce Flood ya rasa sana'arsa wajen nema. A 1969 ya yi kuka domin an tura mutum inda ba ya so. A 2011 ya yi fushi domin mutum ya tafi inda yake so. Da ya haɗa biyun sai ya ga cewa abin da ya dame shi a kowane karo shi ne rashin da shi ya yi, kuma amanar da yake nema daga ɗan wasa ba ya neman irinta daga ƙungiya, wadda kan sallami tsohon gwani ranar da ƙarfinsa ya ragu ba tare da kowa ya kira ta butulu ba.

Mai nazarin Hausa zai ga inuwar wannan ruɗani a shafukan wasanni na harshensa. A labarin ƙwallon ƙafa ƙungiya takan "sayi" ɗan wasa, ta "sayar" da shi, ta ba da shi "aro". Wanda kwantiraginsa ya ƙare kuwa, tun bayan hukuncin Bosman na 1995 a Turai, akan ce ya koma wata ƙungiya "a kyauta". Duk waɗannan kalmomi daga bakin mai kaya suka fito. Ko "kyauta" ɗin ma tana nufin sabuwar ƙungiya ba ta biya tsohuwar ba, shi kuma ɗan wasan bai fito a cikin jimlar a matsayin mai zaɓi ba. Harshen da ya san bambancin murgu da fansa ba zai rasa gane maganar Flood ba, domin mai biyan murgu yana aikin kansa yana tara abin kansa, amma bai fita daga hannun ubangidansa ba. Ba daidai ba ne a auna wahalar bawa da ta ɗan wasa, kuma wannan ne ya sa kalmar ta yi wa mutane zafi. Abin da ta taɓo kawai shi ne tambayar mahaifin yaron, ta wa ke da iko da wa.

Lokaci ya sassauta sauran. A Yunin 2019 Pujols ya dawo St. Louis karo na farko sanye da rigar Angels, filin ya miƙe tsaye yana tafa masa, mutumin na cikinsu. A Disambar wannan shekara Gerrit Cole, a taron da aka gabatar da shi bayan ya ƙulla kwantiragin dala miliyan 324 da Yankees, ya ambaci sunan Curt Flood da na Marvin Miller da godiya. A 2022 Pujols ya koma Cardinals a kan yarjejeniyar shekara ɗaya, wannan ma bisa zaɓin kansa, ya kammala sana'arsa da duka 703 masu tsallake katanga. Mutumin ya fito da rigar daga akwati ya sa. Har yau ba a shigar da Flood cikin zauren tunawa da gwanayen wasan na ƙasa da ke Cooperstown ba, kuma wannan ya fi ci masa rai yanzu fiye da tafiyar Pujols.

Bai daina jin ciwon hunturu ba. Duk Nuwamba yakan bi labarin wa ya ƙi tayi, wa aka yi musayarsa, kuma har yanzu ransa kan ɓaci idan wanda ya saba gani ya sa wata riga. Jikansa ya kai shekarun da shi yake da su a 1969, kuma ya gaji zafin zuciyarsa. Idan yaron ya shigo da gudu yana cewa wane ya bar ƙungiya, kafin a shiga zancen kuɗi ko na wanda zai maye gurbinsa, tsohon yakan zaunar da shi ya tambaye shi: "Shi ya tafi da kansa, ko tura shi aka yi?"